Murar da ta ƙi wucewa: nazarin lamarin wata mai goyo a karkarar Taura

Matar da wannan nazari ya shafa shekararta 34. Uwargida ce a gidan mata biyu, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, daga gefen Gujungu. 'Ya'yanta biyar, ƙaramin yana kan nono a lokacin da ta fara zuwa ɗan asibitin da nake aiki. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, in kaka ta yi kuma ta shiga sussuka da shiƙa tare da sauran matan garin. Na sakaya sunanta da na ƙauyensu.

Abin da ya kawo ta, da bakinta, shi ne: "Likita, mura ta ƙi rabuwa da ni, yau shekara uku ke nan. Na sha magani har na gaji." Da muka zauna sosai sai labarin ya fito dalla-dalla. Da asuba, tana ɗaga kai daga matashi atishawa za ta kama ta a jere, goma ko fiye, har idanu su kawo ruwa. Majinar ruwa-ruwa ce, fara tas, tana zuba ba tsayawa. Cikin hanci ƙaiƙayi, ganɗa ƙaiƙayi, har can cikin kunne. Da dare hanci ya toshe ruf, da baki take numfashi, ta farka maƙogwaro a bushe, kai ya yi nauyi. Ba zazzaɓi, ba ciwon gaɓoɓi. Babu kuma wanda ya taɓa ɗaukar wannan mura daga gare ta, ko da yaron da ke kwana a jikinta. Abin yana nan duk shekara, amma ya fi tsanani a lokuta biyu: daga girbi zuwa ƙarshen hunturu, sai kuma tsakiyar damina, sa'ad da ɗaki ke yin danshi. Mahaifiyarta mai asma ce.

A 'yan watannin da suka gabaci zuwanta wani sabon abu ya ƙaru, shi ne ma ya tsorata maigidan har ya kawo ta da kansa: tari da tsakar dare, da wani fito-fito a ƙirji, musamman ranar da ta yi suyar gyaɗa.

Abin da ke damun ta

Mura ta gaskiya ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Tana yaɗuwa a gida, tana zuwa da ɗan zafin jiki da kasala, cikin kwana bakwai zuwa goma kuma ta wuce ko an sha magani ko ba a sha ba. Wadda ta shekara uku tana ƙaiƙayi, ba ta kama kowa a gidan ba, kuma tana bin yanayin shekara, aleji ne na hanci. Garkuwar jikin mai wannan lalura tana ɗaukar abin da ba ya cutar da sauran mutane a matsayin abokin gaba. Jiki sai ya ƙera wasu sinadaran kariya da ake kira IgE, su maƙale a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fatar hanci da ido da hanyoyin numfashi. Duk ranar da wannan abu ya sake shiga hanci, ƙwayoyin su saki wani sinadari mai suna histamin cikin 'yan mintuna, shi ne mai kawo atishawa da ƙaiƙayi da yoyon majina. Bayan wasu sa'o'i sai kumburi ya biyo baya, naman cikin hanci ya tashi. Wannan kumburin shi ne toshewar dare. Yana da kyau a riƙe bambancin nan, domin a kansa duk zaɓin magani ya rataya: akwai maganin da ke tare histamin kaɗai, akwai wanda ke kwantar da kumburin.

Ƙa'idar likitoci kan alejin hanci mai suna ARIA, wadda aka fitar a 2001 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ce idan alamun suna zuwa fiye da kwana huɗu a mako, sama da mako huɗu a jere, to aleji ne mai naci. In ya hana barci ko aiki, ya wuce mai sauƙi. Nata ya cika duka biyun. Ƙa'idar ta kuma jaddada cewa hanci da huhu hanya ɗaya ce, don haka duk mai alejin hanci mai naci a bincika ko yana da asma.

Kafin komai dai sai da muka aika majinar ƙirjinta gwajin tarin fuka. Duk tarin da ya kai mako biyu a nan ƙasar haka ya kamata a yi masa, gwajin da maganin kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Sakamako ya nuna ba ta da shi.

Daga nan na je gidan. Ɗakinta na ƙasa ne mai rufin kwano, da 'yar taga guda da aka toshe da tsumma saboda sanyi. Daidai kan gadon, a jingine da bango, an jera buhunan gero da wake har kusan rufi, domin maigidan ya daina yarda da rumbu tun da aka taɓa yi masa sata. Na sa hannu a saman buhu ɗaya, tafin hannuna ya fito fari da garin ƙura. Katifar soso ce da ta daɗe, matashin kai na auduga ne tun na aurenta. Da na ɗaga katifar kyankyasai suka watse. A ƙarƙashin gado ga kaskon turaren wuta, ga ragowar koyil ɗin sauro a kan murfin gwangwani. A waje, akurkin kaji yana manne da bangon ɗakin, madafi kuma rufaffe ne ba taga, bangonsa baƙi ƙirin, da kara da itace ake girki.

Abubuwan nan kashi biyu ne. Akwai masu haddasa alejin kansa: wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani da ke zaune a katifa da matashi, waɗanda suka fi yawaita da damina saboda suna son danshi, da 'yan uwansu da ke rayuwa a cikin hatsin da aka ajiye, da kashin kyankyaso, da funfuna. Akwai kuma masu tsokanar hancin da ya riga ya kumbura: hayaƙin murhu, turare, koyil, ƙaiƙayin gero wajen shiƙa, da hazon hunturu. Hazon nan mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa a ƙasar Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ke kwaso shi ta sauke mana daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Wannan babu mai iya tare shi. Buhun gero a kan gado kuwa ana iya ɗauke shi yau.

Ledar magunguna

Na roƙe ta ta kawo duk abin da take sha. Ta zo da baƙar leda ta zazzage a kan tebur, a nan ne na ga ainihin inda matsalar take.

Akwai Piriton, wato kulofeniramin, wanda kowa ya sani. Yana tare histamin, yana rage atishawa, amma aikinsa sa'a huɗu zuwa shida ne, kuma yana shiga ƙwaƙwalwa ya sa barci. Ta ce ranar da ta sha da safe gyangyaɗi take yi a gaban kaskon suya. Mace mai goyo a baya, ga tafasasshen mai a gaba, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Haka yake ga ɗan acaɓa da mai injin niƙa.

Akwai kafso masu kashe ƙwayoyin cuta, iri biyu, waɗanda ba su da abin yi da aleji ko kaɗan. Kuɗi ne kawai aka zubar, aka kuma koya wa ƙwayoyin cutar jikinta jure magani.

Akwai 'yar kwalbar ɗigon hanci mai buɗe toshewa, irin su Otrivin. Wannan yana matse jijiyoyin jinin hanci, cikin minti kaɗan mutum ya ji iska ta ratsa. An yi shi ne don a yi amfani da shi na 'yan kwanaki, kada ya wuce mako guda. In an zarce, da zarar ƙarfinsa ya sauka hancin sai ya kumbura fiye da da, a sake ɗigawa, a sake toshewa. Ita ta fi shekara tana ɗiga shi, sau biyar ko shida a yini, kwalbar a ƙulle a bakin zane. Wani kaso babba na toshewar da take kuka da ita maganin ne da kansa ya haifar.

Sai wasu ƙananan fararen ƙwayoyi da aka ƙulla a takarda ba suna. "Wannan shi ne mai aiki, likita," in ji ta. "In na sha biyu, gari na wayewa garau nake." Deksametason ne, wanda ake ce wa dekza, shi ne kuma 'yan mata ke sha don ƙiba. Wani mai kemis ne ya fara haɗa mata shi a cikin maganin mura, da ta gane shi ne ke ba ta sauƙi sai ta riƙa sayen shi kaɗai. Kusan kullum take sha, fiye da shekara guda.

Ban ga laifinta ba. Sitiroyid ne mai ƙarfi, wato dangin magungunan kwantar da kumburi, ya fi ɗan uwansa firednisolon ƙarfi wajen sau shida zuwa bakwai, yana kwantar da kumburi tun daga hanci har huhu, kuma kuɗinsa bai kai na ƙullin gishiri da magi ba. Wanda ya kwana uku bai runtsa ba, aka ba shi abin da ya sa shi barci, ba zai tsaya tambayar illarsa ba. Amma illar tana rubuce a jikinta. Fuska ta yi zagaye ta cika, wuya ta baya ya tara kitse, ciki ya fito, hannuwa da ƙafafu kuwa sun sirance. A cikinta da cinyoyi ga nankarwa mai faɗi, ja-ja, ba irin ta haihuwa ba. In ta tsuguna wajen murhu sai ta dafa bango take miƙewa. Awon jininta ya nuna 150 bisa 95, sukarin jini ma ya ɗan haura. Abin da ya fi ba ni tausayi, a gida yabon ta ake yi. Uwar mijinta tana cewa goyon nan ya karɓe ta, ta yi kyau ta yi ƙiba.

Shan sitiroyid ta baki na tsawon lokaci yana kawo hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi, yanar ido, hawan ruwan ido mai makantarwa, da raunin garkuwar jiki. Akwai kuma wata illar da ba a gani, wadda ta sa ba za a ce mata ta jefar da shi yau ba. A saman kowace ƙoda akwai ɗan ƙullutu da ke samar da irin wannan sinadari, wanda jiki ba ya rayuwa sai da shi. Kamar gidan da kullum ake aiko masa tuwo daga maƙwabta ne, a hankali murhunsa ya mutu. Ranar da aka daina aikowa kwatsam, gidan da yunwa zai kwana. Wanda ya sha sitiroyid fiye da mako uku ya tsaya farat ɗaya, yana iya faɗuwa da amai da jiri da saukar jini, har a rasa shi. Don haka na gaya mata ta ci gaba da sha yadda ta saba, na rubuta mata takarda zuwa babban asibitin Ringim, likita ya gan ta a cikin makon.

Zaman da aka yi kan zaɓin magani

Likitan ya tabbatar da alejin hanci mai naci, da asma, da illar sitiroyid. Ya mayar da ita kan firednisolon, ya tsara yadda za a riƙa rage shi mataki-mataki. Sauran shawara kuma sai da muka zauna a zauren gidan, ni da ita da maigidan da mahaifiyarsa, domin maganin da mai biyan kuɗi bai gamsu da shi ba ba ya daɗewa a gida.

Maigidan ne ya fara. "Likita, an ce akwai allurar da ake yi sau ɗaya, mutum ya huta har shekara. A yi mata ita mana, ko nawa ce." Allurar Kenalog yake nufi. Na ce masa, "Malam, ita ma sitiroyid ce, 'yar uwar ƙwayar da ta kumbura mata fuska. Bambancin kawai, ƙwaya in ta yi illa ana iya rage ta, allura kuwa in ta shiga tsoka makonni za ta yi tana aiki, ba mai iya ciro ta." Saboda haka ne ƙa'idojin likitoci ba su yarda da ita don alejin hanci ba. Ga mace mai hawan jini da ake ƙoƙarin raba ta da sitiroyid, an gudu ne ba a tsira ba.

Tsohuwar kuma ta ce ƙaiƙayin maƙogwaro da tarin dare beli ne, a kira wanzami ya cire. Na ce, "Inna, na duba maƙogwaronta da fitila, belinta lafiya lau. Majinar hanci ce ke gangarowa ta baya in ta kwanta, ita ke sa tarin. In an yanka, zubar jini da ciwo za a ƙara mata, kuma maganin da take sha ya raunana mata jiki, rauni ba zai warke da wuri ba." Ta yi shiru, daga baya ta ce a bari a ga na asibitin tukuna. Kan zuma da habbatus sauda da shayin citta ban yi musu da ita ba, ba sa cutarwa, suna kuma sanyaya maƙogwaro, sai dai ba su za su kwantar da kumburin ba. Abin da na hana shi ne turara mata hayaƙin kowane irin ganye, domin ƙirjinta ba zai ɗauka ba.

Sai muka zo kan abin da ke da amfani. Loratadin da setirizin suna tare histamin kamar Piriton, amma ƙwaya ɗaya ta miligiram 10 ta isa yini guda, kuma ba sa kawo barci irin nasa, ko da yake setirizin yakan sa wasu ɗan gyangyaɗi. Su ne aka fi so ga mai shayarwa. Suna da sauƙin kuɗi, ana samun su a kemis ɗin Gujungu. Gazawarsu ita ce ba sa buɗe toshewa sosai. Muka zaɓi loratadin. Magungunan mura na haɗi masu ɗauke da sudoefedirin kuwa na ce ta nisance su, suna ɗaga hawan jini, suna kuma rage ruwan nono.

Ginshiƙin maganin shi ne feshin hanci na sitiroyid, irin su beklometason, flutikason ko mometason. Nan maigidan ya ɗaga hannu. "Yanzu kika gama ce mana sitiroyid ne ya lalata ta." Tambayarsa tana kan hanya. Amsar ita ce yawa da wuri: ƙwaya tana zagaya jiki gaba ɗaya, feshi kuwa ɗan mitsitsi ne ake sauke wa daidai inda kumburin yake, abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai, musamman flutikason da mometason. Babu maganin da ya kai shi aiki a kan dukkan alamun alejin hanci, har da toshewa. Matsalolinsa biyu ne, kuma ban ɓoye musu ba. Ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba, sai an je Ringim ko Kano ake samun sa, a kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Na biyu, ba ya aiki nan take. Sai an yi kwanaki, cikakken amfaninsa yakan kai mako biyu, kuma kullum ake fesawa ko hanci ya toshe ko bai toshe ba. Wanda ya saba da ɗigon da ke buɗe hanci cikin minti biyar, a kwana na uku zai ce wannan na banza ne ya jefar. Da yawa a nan suke faɗuwa.

Yadda ake fesawar ma sai da muka yi ta maimaitawa. A girgiza kwalba, a fyace hanci, a ɗan sunkuyar da kai. Hannun dama ya fesa hancin hagu, hannun hagu ya fesa na dama, bakin kwalbar yana kallon gefen kunne, ba ƙashin tsakiyar hanci ba. Kada a zuƙa da ƙarfi, in an ji ɗacinsa a maƙogwaro to ya wuce inda ake so. Fesawa a kan tsakiyar hanci shi ke kawo haɓo, balle da hunturu da hanci ke bushewa. Kafin feshi kuma ta wanke hanci da ruwan gishiri: rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya da bai cika ba. Ga mai alwala sau biyar a yini shaƙa ruwa a hanci ba baƙon abu ba ne, ta koya nan da nan. Wannan kusan kyauta ne, yana kuma wanke ƙurar shiƙa.

Game da asma, likitan ya ba ta abin shaƙa iri biyu: beklometason na kullum mai hana kumburi, da salbutamol, wato Ventolin, na lokacin da ƙirji ya riƙe. Tun 2019 ƙa'idar duniya kan maganin asma, wato GINA, ta daina yarda a bar babba mai asma da salbutamol kaɗai. Ita da kanta ta tsorata, ta ce ta ji ana cewa wanda ya fara shaƙa ba ya dainawa. Na ce mata abin da ya kama ta bai sake ta ba yana cikin ledar da ta kawo, wannan kuwa in ƙirji ya lafa likita zai iya rage shi. Muka huda gindin robar ruwa ta rabin lita muka cusa bakin abin shaƙar, ta riƙa zuƙa ta bakin robar. Likitoci a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun nuna tun 1999 cewa irin wannan robar tana aiki kusan daidai da na'urar da ake sayarwa. Bayan ta shaƙi na kullum ta kurkure baki. Na kuma gaya wa maigidan a gabanta: duk daren da ta kasa haɗa magana saboda numfashi, ko ta shaƙi Ventolin bai sake ta ba, kada a jira gari ya waye.

Abubuwa uku muka auna muka ajiye. Na farko, maganin sha mai suna montelukas yana taɓa hanci da ƙirji duka, amma bai kai feshi aiki ba, kuma a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa babban gargaɗi saboda yana iya jawo mugayen mafarkai da sauyin hali. Gwajin fata, wanda ake ɗiga abubuwan da ake zargi a hannu a ɗan tsira da tsinin allura a duba bayan minti 15 zuwa 20, aikin ƙwararru ne, hanyarsa ita ce a tura ta Kano, wajen likitocin kunne da hanci da maƙogwaro irin na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Tambayar da na yi ita ce, in an gwada, me zai sauya? Buhunan dai za a fitar, feshin dai za a yi. Kuɗin mota da na kwana zai sayi feshin wata da watanni. Muka bar shi sai in magani ya gaza. Na ukun shi ne allurar sabo, wadda ake ba jiki abin da ya ƙi kaɗan-kaɗan har ya saba. Leonard Noon ne ya fara ta a asibitin St Mary's na Landan a 1911, ita ce kaɗai ke sauya cutar daga tushe. Amma tana ɗaukar aƙalla shekara uku, tana buƙatar a san takamaiman abin da jiki ya ƙi, a yi ta inda za a iya ceton mutum in jikinsa ya yi mummunan bori, kuma ba a fara ta ga mai asmar da ba ta lafa ba. Ga mai goyo a karkarar Taura, wannan ba hanya ba ce a yanzu.

Yadda ta kasance

Makonni biyun farko sun yi mata wuya ƙwarai. Da ta bar ɗigon, hanci ya rufe gaba ɗaya, a zaune take kwana. A dare na huɗu ta koma ta ɗiga. Sai muka sauya dabara: ta bar hancin dama tukuna, tana ɗiga wa na hagu da dare kaɗai, da na daman ya buɗe sannan ta bar na hagun. A mako na uku ta ce mini rabonta da jin ƙamshin daddawa a miya har ta manta, jiya ta ji.

Rage firednisolon ya ɗauki wajen wata uku. Ta sha kasala da ciwon jiki a tsakani, sau ɗaya ma sai da likita ya dakatar da ragewar saboda zazzaɓin cizon sauro ya kama ta. Fuska ta saɓe a hankali, jini ya sauka, sukari ya daidaita. Nankarwar ta dushe amma ba ta ɓace ba. Mutanen gari suka fara cewa ta rame, ko kishiya ce ta sa ta a gaba. Uwar mijin ce da kanta ta riƙa ba su amsa, domin ta ga surukarta tana miƙewa daga tsuguno ba dafa bango.

A gida, maigidan ya mayar da hatsi wani ɗaki ya sa kwaɗo. Waken ya zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ba ya buƙatar magani. Na yi murna da wannan matuƙa, domin ƙwayar hayaƙin da ake jefa wa wake tana kashe mutum in aka kwana da ita a ɗaki. An buɗe tagar, an sauya matashi, katifa na shan rana duk Juma'a, ana yayyafa ruwa kafin shara. Gidan sauro ya maye gurbin koyil. Turaren wuta ta ƙi bari gaba ɗaya, ban kuma matsa mata ba, na san matsayinsa a ɗakin mace mai kishiya. Muka daidaita a kan ta turara ɗaki tana waje, a bar ƙofa a buɗe kafin ta shiga. Shiƙa kuma suka yi musanye da amarya: amarya ta ɗauki faifai, ita ta ɗauki wanki da ɗebo ruwa. In dole ta kama, tana tsayawa iska na bayanta, da takunkumi a fuska, tana gamawa ta wanke hanci ta sauya kaya.

An samu koma-baya da kaka ta zagayo. Feshi ya ƙare, kuɗi ya tafi wajen 'yan girbi, cikin kwana goma atishawa da toshewa suka dawo. Ba ta koma wa dekza ba, wannan kuwa na yaba mata. Ta zo asibiti. Daga nan muka yi tsarin da aljihun gidan zai iya ɗauka. A sani na, mai irin nata ya fi kyau ta yi feshi duk shekara, amma tsarin da za a bi ya fi mini wanda za a watsar a wata na biyu. Yanzu tana fara feshi mako biyu kafin a fara yankan gero, ta ci gaba har hazo ya ɗauke, ta sake yi a watan Agusta in ɗaki ya yi danshi. Sauran watanni ruwan gishiri ne da loratadin ranar da ta ji alama. Abin shaƙa na kullum kuwa babu fashi a kowane wata. Kuɗin feshin kaka daga adashinta yake fita, ta nemi a ba ta kwasar watan Satumba.

Har yanzu tana atishawa da safen hunturu, ranar suyar gyaɗa kuma ƙirjinta yakan ɗan riƙe. Hayaƙin madafi ne ya rage ba a taɓa ba. Na nuna wa maigidan inda za a fasa taga biyu, ɗaya a sama daf da rufi, ɗaya a bangon da ke kallonta, ya ce in ya sayar da riɗi zai kira magini. Ita kuma an rubuta mata awon ido a zuwanta Ringim na gaba, saboda tsawon lokacin da ta yi tana shan sitiroyid.